Sai Ya Warke Ya Sake Ni

Litinin, 3 ga Yuli, 2023

Da hagu nake rubutu, shi ya sa ya fito kamar tonon kaza. Dama tana cikin filasta.

A kan gishiri ne. Mikail ya ce miyar ba ta da ɗanɗano, na ce ita ce dai miyar da yake sha tun da muka yi aure. Ya ɗauki tukunyar da zafinta ya watsa wa bango. Na kare fuska da hannu, ya kama hannun ya murɗe kamar mai matse wanki. Ƙarar na fara ji, zafin ya biyo baya. Sai ya haɗa kaina da ƙofa. 'Yarmu Nana tana tsaye da cokalinta tana kallo. Da ya gama ya zauna ya cinye tuwon gaya, yana yi wa wani abu dariya a waya.

Ba shi ne na farko ba tun bayan azumi. Shi ne dai na farko da ya bar shaida.

A asibiti na ce santsi ne ya kwashe ni. Nas ɗin ta dubi shatin yatsu a hannuna ta ce, "Santsin naku yana da yatsu biyar, Malama."

Na kwaso Nana mun dawo gidanmu a Sheshe, ɗakina na 'yanmatanci. Umma ta mayar da shi ma'ajiyar kwalla da tsofaffin tabarmi. Mun dace da juna.

Laraba, 5 ga Yuli

Mikail fa, mutumin da ba ya kashe kyankyaso. Da tsintsiya yake raka shi bakin ƙofa.

Asabar, 8 ga Yuli

'Yan biko sun zo. Yaya Ɗalha, wansa, ya sha rawani kamar za a naɗa shi sarautar haƙuri. Ya ce abin ba na Mikail ba ne, shafar iska ce, ko kuma 'yan kasuwa ne suka yi masa aike saboda shagon hulunansa na Kurmi ya fi nasu ciniki. Na ce aljanin ya san hannun da nake riƙe alli da shi, da alama ya yi boko. Umma ta harare ni.

Na faɗa wa Baba a gabansu cewa ba biko nake so ba, saki nake so. Baba ya gyara zama, irin na tsohon malamin fiƙihu da aka kawo masa mas'ala mai daɗi. Ya ce idan maganar Ɗalha gaskiya ce, to sakin wanda hankalinsa ya gushe ba ya aukuwa, ko sau dubu ya furta. Na ce to mu je gaban alƙali. Ya ce a gidan nan ba a kai mara lafiya ƙara.

Wato idan lafiyarsa ƙalau, mugu ne, zai iya sakina amma ba zai yi ba. Idan ba shi da lafiya, ba zai iya ba. Na karanta kimiyyar sinadarai a jami'a ban taɓa ganin haɗi mai kyau irin wannan ba.

Asabar, 15 ga Yuli

Na je gidansu a Ƙofar Mazugal kallon ruƙiyya. Ba a gayyace ni ba. Na ce kayan Nana na zo ɗauka.

A tsakar gida suka ɗaure shi, hannu da ƙafa, da igiyar shanya. Malamin da Yaya Ɗalha ya ɗauko wani siriri ne mai murya kamar lasifika. Yana karatu yana zabga masa tiyo a gadon baya, yana cewa, "Faɗi sunanka! Ta ina ka shiga?" Mikail yana zagin uwar kowa. Rigar ta manne da jini. Hajiya 'Yardada, mahaifiyarsa, tana zaune a bakin ɗakinta da carbi, duk bulala sai ta runtse ido ta ce ba ɗanta ake duka ba.

Tunda littafin nawa ne, bari na rubuta: bulalar farko daɗi na ji. Har cikin hannuna na ji shi. Daga baya ne na kau da kai.

Sai malam ya zuba farar wuta da gashin akuya a kasko ya tura masa ƙarƙashin fuska. Wari ya kori kowa, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Mikail ya yi tari saboda hayaƙi, amma ko yamutsa fuska bai yi ba. Malam ya ce aljanin tsoho ne, ya saba. Suka danne shi aka ɗura masa wani baƙin mai a hanci.

A hanya na tuna ranar da gas ya yi yoyo a kicin, na shigo na tarar da shi yana neman ashana. Ya ce shi bai ji komai ba. Da turaren da ya riƙa juye wa kansa har mutane suna matsawa a masallaci. Da gishirin.

Ban faɗa wa kowa ba. Wa ya tambaye ni?

Juma'a, 21 ga Yuli

Sun kwance shi saboda malam ya ce aljanin ya musulunta.

Alhamis, 27 ga Yuli

Sabon musulmin ya hau babur ya afka wa kurar ruwa a hanyar Goron Dutse, tsakar rana, a kan titi fetal. Ya ce bai gan ta ba. Mai kurar ya karye a ƙafa, Mikail ya tashi da jini a fuska ya bi shi da duka a kwance. Sai da mutane suka taru a kansa, sannan ya faɗi yana fizge-fizge, kumfa a baki.

Don haka aka ɗauki hoton kansa a asibiti. Neman tsagewar ƙashi suke yi, suka samo wani abu dabam.

Ƙari ne. Likitan ƙwaƙwalwa, Dakta Shehu, ya manna hoton a allon haske ya nuna mana. Fari, kewayayye, kamar ƙwan kaza, zaune a ƙasan ƙoƙon kai, saman hanci, bayan idanu. Ya ce ya daɗe yana girma. Ya murƙushe jijiyoyin jin wari, ya fara danne na gani, kuma ƙwaƙwalwar gaba, wadda take cewa mutum "bari, kada ka yi", ta kumbura a kewayensa. Ya tambaya ko halinsa ya canza. Kowa ya dubi filastata, kowa ya kau da kai.

Yaya Ɗalha ya ce ai aljanin ne ya dunƙule. Dakta ya ce to ko ma mene ne, wuƙa yake ji.

Na daɗe ina kallon hoton. Ashe wanda ya karya ni yana da siffa, har ana iya auna shi da rula. Ban san abin da zan yi da wannan labarin ba. Ƙiyayyata ta riga ta zauna daram a kan mutum guda, yanzu an ce na matsar da ita kan ƙwai.

Talata, 8 ga Agusta

Zaman shawara. Ni, Hajiya, Yaya Ɗalha, da likitoci biyu. An bar Mikail a waje da mai gadi a gefensa.

Dakta Shehu ya yi mana kwatance da gidan bene irin na cikin gari. Hanci shi ne ɗakin ƙasa, ƙwaƙwalwa tana sama, ƙarin yana zaune a kan daɓen benen. Hanya biyu ce. Tasa: a yanka fatar kai daga kunne zuwa kunne, a ɓare ta a sauke kan fuska, a sa zarto a cire ƙashin goshi, a ɗaga ƙwaƙwalwa kaɗan, a ɗauko shi ta sama. Ya faɗe shi kamar mai bayanin yadda ake fere kabewa. Ya ce akwai ƙaramar ƙofa ta gira, amma wannan ya fi ƙarfinta.

Ɗayar, Dakta Aminat, likitar hanci ce, ƙarama, ba ta ɗaga murya. Tata hanyar ta ƙasa ce: a zura kyamara da ƙarafa ta ƙofofin hanci, a huda azarar benen daga ƙasa, a tsinko ƙarin kaɗan-kaɗan, ba a taɓa ƙwaƙwalwa ba, ba tabo. Sai a toshe ramin da kitse da fata daga cinyarsa, a lulluɓe da naman cikin hanci. Ta ce aibinta ɗaya, yoyo. Ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take iyo, idan facin ya saki ruwan zai biyo hanci, kuma ta inda ruwa ya fito ta nan ƙwayar cuta take shiga. Jin wari kuwa, ta ce a yi masa sallama, ta kowace hanya.

Dakta Shehu ya fi son tasa, saboda faɗin ƙarin. Ita ta ce za ta iya, idan za a bi doka bayan aiki. Suka ce da su biyun za a shiga ko ta ina ne.

Hajiya ba ta bari sun rufe baki ba. "Ba mai fasa wa ɗana kai kamar kwakwa." Yaya Ɗalha ya ce goshin da yake kai wa ƙasa don Allah ba za a sa masa zarto ba. Na ce mai sayar da hula ai shi ne na ƙarshen jin tsoron tabo a ka. Ba wanda ya yi dariya sai Dakta Aminat, ita ma a cikin mayafi.

Hanci ya ci zaɓe. Ba a ƙirga ƙuri'ata ba.

A baranda na tare Dakta Aminat. Na ce zai dawo yadda yake? Ta dubi hannuna ta ce, "Ƙarin za mu cire, Malama Lauratu. Wanda za mu tarar a ƙarƙashinsa, ke kika san shi, ba ni ba."

Lahadi, 13 ga Agusta

Umma tana yabona a gidan suna, wai 'yar halak, duk abin da ya yi mata tana jinyarsa. Ban gyara mata ba. Ina jinyarsa ne don ya warke, hankalinsa ya dawo cif, Baba ya gwada shi ya tabbatar, sannan ya buɗe baki ya sake ni saki mai inganci wanda ba malamin da zai warware. Ban taɓa son lafiyar wani mutum haka ba.

Laraba, 23 ga Agusta

An cire filasta. Hannun ya fito siriri, fari, mai wari, kamar ba nawa ba.

Asabar, 2 ga Satumba

An kwantar da shi don shiri. Na sunkuya zan gyara masa matashi, ya damƙe maƙogwarona. Ba fushi a fuskarsa, ko kaɗan. Kallona yake kamar mai gwada nunar mangwaro. Na ji idona yana fitowa, ɗakin ya yi ja, sannan ya fara baƙi. Wani mai jinya a gadon kusa ya kwaɗa masa kwanon sha a gwiwar hannu, nas biyu suka danne shi, aka ɗaure shi a gado da bandeji. Ya ce da ni, "Laure, ba ni ruwa mana."

Na ba shi. Da dogon hannu.

Litinin, 4 ga Satumba

Sun shiga da shi da hantsi, ba su fito ba sai da aka kira magariba. Hajiya ta gama carbinta ta ari nawa. Yaya Ɗalha ya yanka rago a gida, ya riƙa bugo waya yana tambaya ko an ga alamar yankan a ɗakin tiyata.

Ya fito da rai. Hanci cushe da auduga, idanu sun kumbura sun yi shuɗi, cinya a naɗe.

Dakta Aminat ta nuna mini ɗan guntun bidiyon a wayarta, don na nace. Rami ja, jiƙaƙƙe. Wani ƙaramin injin huda yana cin ƙashi, gari yana tashi, ana wankewa, jini yana sake cikawa, ana zuƙewa. Sai ga ƙarin, toka-toka, mai jijiyoyi. Suna yagarsa da ɗan ƙarfe kamar tsuntsu yana cin gawa. A ƙarshe wani abu fari yana bugawa a hankali can sama. Ta ce ƙwaƙwalwarsa ce. Na ce sannunki, mun daɗe ba mu gaisa ba.

An kawo ɓarɓashin a kwalba kafin a kai gwaji. Kamar awarar da ta farfashe a mai. Hajiya ta ce a ba ta ta binne, jikin ɗanta ne. Na ce idan za a yi masa sallah ni ba zan bi ba.

Talata, 12 ga Satumba

Sallama. Dakta Aminat ta tara mu ta yi magana da Hausar da ko Nana za ta gane. Ba fyace majina. Ba ɗaukar kaya, ba yunƙuri a banɗaki. Atishawa da baki a buɗe. Ba sunkuyar da kai ƙasa da ƙirji. Sannan ta dubi Yaya Ɗalha musamman ta ce alwala ba shaƙa ruwa, ba fyacewa, sallah a kan kujera da nuni, har sai ta ce. Ta ce facin ɗanye ne, kamar sabon yaɓe a damina. Ya ce ai addini sauƙi ne, har ya kawo mata aya.

Gidansu aka kai shi, ɗakin da ke kusa da na Hajiya. Ina zuwa bayan an tashi daga makaranta, na ba shi magani, na koma Sheshe kafin magariba.

Asabar, 16 ga Satumba

Shiru ya yi yawa. Yana cin abin da aka ba shi, yana cewa an gode. Yau Hajiya ta fita, ya ce na nuna masa hannun. Na nuna daga inda nake zaune.

Na ɗauka zai ce bai tuna ba. Da ya fi mini sauƙi. Sai ya ce ya tuna duka. Miyar, ƙofar, cokalin Nana, mai kura, wuyana. Ya ce, "Ina gani ina yi, Maman Nana, kuma ban ji komai ba. Yanzu ne nake ji, duk a lokaci ɗaya." Bai nemi gafara ba. Ya ce ba shi da bakin nema.

Na ce lokacin maganinka ya yi.

Hankali dai yana dawowa. Labari mai daɗi, ta kowace fuska.

Alhamis, 21 ga Satumba

Na zo da wuri, ba su yi tsammanina ba. Kujerar sallah tana jingine a bango da wanki a kanta. Shi kuma yana ƙasa, goshi a kan darduma, ya daɗe har na ɗauka suma ya yi. Da ya ɗago, wurin ya jiƙe faɗin tafin hannu. Ruwa yana ɗiga ta hancin hagu, fari tas, ɗis, ɗis.

Hajiya ta ce hawaye ne, tun ranar Lahadi haka yake kwana da wuni, yana tuba. Da alfahari ta faɗa. Ita take cika masa buta daga randa. Na ce da shaƙawa? Ta ce, "Yo alwalar me ce ba hanci? Yaron nan ya ce tuban da aka yi a kan kujera bai kai ko rufin ɗaki ba."

Na tambaye shi ko yana jin gishiri a maƙoshi. Ya ce e. Na ce tashi mu tafi. Yaya Ɗalha ya shigo ya ce mura ce ta damina, kowa yana yi, kuma ba za a koma a ce wa likita sallah ce ta ɓata aikinta ba, wannan saɓo ne. Mikail ya ce na bar shi, abin da ya same shi ya cancanta.

Na bugo wa Dakta Aminat, ta ce a kawo shi yanzu. Na isar da saƙon. Suka ce sai Litinin, ranar da aka ba su. Na koma gida. Na ce ba ɗana ba ne, ba ƙanena ba ne, mijin ma na wucin gadi ne.

Ya nemi gafarar Allah a kaina har ƙwaƙwalwarsa tana zuba a darduma. Ban san inda zan ajiye wannan ba.

Asabar, 23 ga Satumba

Bari na rubuta tun da zafinsa.

Da hantsi Hajiya ta bugo, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce mutanen ɓoyen sun dawo. Na tarar da shi jiki kamar garwashi, wuya ya sandare, ba ya son haske, yana ihu yana dukan bango da kai. Sanƙarau. Duk wanda ya girma a garin nan ya san wannan wuyan. Amma sun riga sun ɗaure shi, siririn malamin yana durƙushe a kansa, Yaya Ɗalha ya danne masa goshi, kwalbar baƙin man tana saitin hancinsa. Hancin da yake a buɗe har ƙwaƙwalwa.

Na ce kada ka zuba. Malam ya ce a fitar da matar nan, tana ba su ƙarfi.

Taɓarya ce a jingine a bakin kicin. Ban tuna na yanke shawara ba. Na tuna ƙarar kwalbar, da ƙarar yatsun da ke riƙe da ita. Na san wannan ƙarar. Malam ya faɗi yana kiran sunayen Allah da murya irin ta kowa. Yaya Ɗalha ya taso ya kwaɗa mini mari, kunnena ya toshe, na juya taɓaryar na sauke masa a baki. Haƙori ya faɗo kan siminti, rawani ya warware. Na ce duk wanda ya matso sai na fasa masa kai kamar kwakwa, na dubi Hajiya da na faɗi haka. Ba wanda ya matso.

Hajiyar ce ta ɗauko wuƙa ta yanke igiyar. Ni da ita da wata maƙwabciya muka ja shi ta lungu har bakin titi, yana fizga, ya cije ni a kafaɗa har haƙoransa suka shiga. A adaidaita sahu na zauna a kan ƙafafunsa, ita ta rungume kan.

Dakta Aminat ta duba hancin, ta dube ni, jini a mayafina. Ta ce na wa ne? Na ce na mutane da yawa.

Lahadi, 24 ga Satumba

Ba ƙari a kaina. Na bincika, ba ni da uzuri. Kuma da na sauke wa Yaya Ɗalha taɓaryar, sarai na san abin da nake yi.

Alhamis, 28 ga Satumba

Zazzaɓin ya sauka da allurai, amma facin ya tafi gaba ɗaya, naman cikin hancin ya mutu, kuma fyacewar ta tura iska cikin ƙoƙon kai tana danne ƙwaƙwalwa. Ba abin da za a sake liƙawa ta ƙasa. Dakta Shehu bai ce "ai na faɗa muku" ba. Mutumin kirki, ko kuma ya gaji.

Yau aka yi. Kunne zuwa kunne, zarto, duk abin da aka gudu. Sun ɗauko shimfiɗar da ke lulluɓe da ƙashin goshinsa suka shimfiɗa a kan ramin daga sama. Da aka nemi wanda zai amince, Yaya Ɗalha ba ya nan, leɓensa bai sace ba. Hajiya ta tura ni gaba da gwiwar hannu. "Matarsa ce. Ita ta san kansa."

Ya fito da kai a naɗe, fuska kamar an hura balan-balan, robar jini tana lilo a bayan kunne. Ban iya tashi daga bencin ba da aka wuce da shi. Yunwa ce, ina jin.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Ya gane kowa. Ya ga Nana ta taga, ita ta ƙi shigowa. Ban tilasta mata ba.

Malamin ruƙiyya ya aiko wai zai kai ni ƙara. Baba ya aika masa cewa ya zo da kwalbar. Bai zo ba.

Lahadi, 15 ga Oktoba

An cire ƙarafan ɗinkin. Tabon ya ratsa kansa kamar layin dogo, goshin ya ɗan lotsa ta gefe guda. Sallah a kujera, Hajiya ce yanzu take gadin butar kamar 'yar sanda.

Baba ya je dubiya, ya daɗe. Ya dawo ya ce ya yi masa tambayoyi a kan farillan alwala da rabon gado, bai kuskure ko ɗaya ba. "Hankalinsa ya cika, Lauratu. Abin da ya furta yanzu ya zauna." Ya tsaya yana jiran na yi murna. Na ce Allah ya ƙara sauƙi.

Har yanzu idan ya ɗaga hannu zai sosa kai, kafaɗata tana tashi da kanta. Yana gani. Ya koma sosawa sai na juya baya.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Mikail ya kira ni bayan an sauko daga masallaci. Ya sa Hajiya ta fita. Ya zauna a kan hannayensa, duka biyun, kamar ɗalibin da aka yi wa horo.

Ya ce Baba ya faɗa masa abin da nake jira tun Yuli. Ya ce haƙƙina ne, ba zai ja ba, ba zai sa a yi biko ba, Nana kuma tana wajena. Ya ce ba zai iya rantsuwa cewa duk abin nan ƙarin ne ba, shi ma bai sani ba, kuma ba ni ce zan zauna a gwada a kaina ba. "Idan kin shirya yanzu, sai na furta."

Ga shi nan. Mai hankali, a farke, ba tilas, ba maye. Duk sharuɗɗan Baba.

Na ce masa ba ni da tsarki, kuma ya san ba a sakin mace a haka, bidi'a ne. Ya ce haka ne, Allah ya gafarta masa, sai na yi wanka na sanar da shi.

Na dawo Sheshe na yi la'asar a ɗaki, na kulle ƙofa don kada Umma ta gani.

Ranar Talata yana da ganin likita. Hajiya ba ta iya riƙe bayanin magunguna, dole wani ya je.